Akwai Magi?

Shekara uku ina Jamus,
ina tauna yaren da bai saba da haƙorana ba.
Su aikatau a ƙarshen magana suke ajiye shi,
sai ka yi ta jira
kamar mai tsaron motar Gujungu ranar da ba kasuwa,
kafin ka ji ko mutumin nan zuwa ya yi ko mutuwa.

Farfesanmu, wani tsoho mai yawan tari,
ya cinye zango guda a kan kalma ɗaya.
Na cika littafi biyu da rubutu,
na kwana ido biyu da baƙin shayi,
sai wata asuba, ƙanƙara na sauka a bayan taga,
na gano abin da yake ta kewayawa:
akwai.
Kalmar da Talatuwa, 'yar shekara biyar,
ke leƙa shagon Ɗanjummai da ita:
akwai magi?
In an ce babu ta juya abinta.

Na dawo hutu ana tsakiyar noman rani.
Inna Yalwa ta matsa hannuna ta ce na rame,
ta ce, me ma sunan abin da kake karantawa?
Na ce falsafa.
Ta ce, tana maganin me?
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Can da ta sauke tukunya, ba tare da ta dube ni ba,
ta ce, kana dai salla?
Na ce ina yi.
Ban yi mata ƙarya ba.
Abin da ban faɗa ba shi ne
tsakanin sujada da sujada akwai wani ɗan zama,
a nan tambayar ke samuna,
da Jamusanci take zuwa, sanye da takalmi,
ta zauna a gefen dardumata.
Ban kore ta ba, ban kuma ba ta ruwa ba.

Daren nan a tsakar gida na gwada juya kundina zuwa Hausa,
akuya ce kaɗai ke saurare.
Rabin kalmomin suka mutu a hanya
kamar kajin da aka ɗauro a bayan babur da rana tsaka.
Waɗanda suka iso da rai
na tarar kakana ya riga ni faɗinsu, yana gyaran fatanya.

Washegari na bi Kawu Mato fadama.
Albasarsa na neman ruwa, yana kafa sabon bututu.
Na ce, Kawu, ta yaya ka tabbatar akwai ruwa a nan?
Ya ce, wa ya ce maka na tabbatar?
Bara can na haƙa, yashi na samu, busasshe.
Muttaƙa, surutun ya isa, riƙe min nan.

Na riƙe.
Tafin hannun da ya saba da takarda ya yi ƙanta kafin azahar.
Muka danna, muka murɗa, muka sake dannawa.
Wajen la'asar inji ya yi tari irin na farfesana,
ya tofo wani abu ja, rabi laka.
Na kai baki.
Kawu ya doke hannuna:
ruwan farko ba a sha, ƙyale shi ya zube.
Na ce, har yaushe?
Ya ce, kai dai tsaya ka duba.

Saura kwana tara in koma.
Inna ta cusa kuka da daddawa a jakata, tsakanin littattafan,
yanzu duk shafin da na buɗe ƙamshin miya yake.
Ban sani ba ko za a bar ni in wuce da su a filin jirgi.