Kwana Taran Eleuterio

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan dutse
kamar awaki masu launi,
Eleuterio ke shara tun jiragen ruwa ba su farka ba.
Shekara talatin da ɗaya,
ba wanda ya tambayi sunansa.

Wata Talata ya yi fito,
wani gurgun kare ya amsa masa,
wata yarinya ta ɗaga waya.
Shi ke nan.

Kafin Alhamis mutum miliyan huɗu sun san shi.
Baƙi suka yi layi a matakala,
kowa na son hoto da tsintsiyar.
Kamfanin lemo ya aiko masa jar hula.
Matarsa Herminia ta juya ta, ta ce,
“To, ita za mu dafa?”

Ya yi ta fito har leɓe ya tsage.
Karen ya gaji, ya koma bayan kasuwar kifi.

Rana ta tara, wani jariri a wata ƙasa
ya lasa lemun tsami, ya yamutse fuska,
duniya ta kwasa can gaba ɗaya
kamar tattabarun da aka watsa wa hatsi.

Yau ma da asuba yana nan,
hazo na tasowa daga teku.
Ledojin da baƙi suka zubar
shi ya share.
Hular na kan tebur, Herminia na tara maɓallai a ciki.

Yakan yi fiton a hankali,
karen kuma, in ya ga dama,
ya zo.