Zoben Tagulla

Marsandin Hajiya Kande ta girme ni da shekara uku.
Fentinta ruwan madara,
kujerunta na ƙamshin tsohon littafi.
Giyar otomatik ɗinta ta cika a Gadon Ƙaya,
tsakiyar layin danja, babu ko sallama.
Ta ce, "Tasi'u, cire mini ragon nan.
A motar asibiti na koyi tuƙi,
ƙafata ta san kuloci,
hannuna ya yi marmarin sanda."

Muka sauke akwatin giya kamar masu kayar da sa,
mutum huɗu, jak biyu, zufa babu adadi.
Na samo na hannu a Ƙofar Ruwa
wajen Inuwa, mai rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.
Faranti, feda, notuna,
duk sun hallara a kan buhu.
Saura abu ɗaya.

A ƙeyar inji, a cibiyar karanshaf,
akwai wani rami da bai fi bakin kwalba ba.
Nan kan sandar giya zai riƙa kwana.
Amma ramin na otomatik ne, faɗi gare shi,
sandar za ta yi ta lilo a ciki
kamar cokalin shayi a tukunyar biki.

Uwaisu, yarona, ya share hanci da bayan hannu:
"Oga, mu ɗaura haka. Wa zai leƙa?"
Na ce, titi zai leƙa.
Wata uku za ta fara tari a giya ta biyu,
wata shida ta yi gunji,
sannan Hajiya ta dawo ta tsaya a bakin garejin nan,
ba za ta yi faɗa ba,
kallo kawai, irin na tsoffin nas-nas.
Ni bulala ta fi mini sauƙi.

Na auna sau uku, na rubuta a bayan kwalin sukari.
Baba Lasisi na Sabon Gari ya ɗora tabarau,
ya fere tagulla kamar mai feraye lemo,
ɓawonta na zuba a ƙasa, rawaya, a nannaɗe.
Ya miƙo mini zobe
wanda ko yatsan amarya ba zai yi wa ado ba.

Na ɗora shi a babban yatsa, na cika da mai,
na danne da ɗayan yatsan
har ƙarfen ya yi gumi ta jikinsa.
Tagulla ma tana shan abin da za ta rayu da shi.
Ya kwana a firjin Talatu mai zoɓo
tsakanin ƙullin ƙanƙara, don sanyi ya tsuke shi.
Masu wuta suka yi mana kara, ba su ɗauke ba.

Da sassafe Uwaisu ya sheƙo da shi a kofi.
Na saita, na kara katako,
guduma a hankali, kamar ƙwanƙwasa ƙofar suruki.
Ƙwas. Ƙwas. Na duba ko ya karkace.
Ƙwas.
Sai sautin ya sauya, ya yi nauyi.
Ya zauna.

Akwatin ya shige ba gardama,
ya rufe zoben ruf, rufewar shekara ashirin in Allah ya so.

Hajiya ta zo bayan la'asar.
Ta saki kuloci da gaggawa, mota ta mutu,
ta yi dariya har mayafi ya zame.
Karo na biyu muka miƙe Kabuga,
ɗaya, biyu, uku, hannunta na tuno hanya.

A kan dawowa ta buɗe takardar lissafi.
"Zobe ɗaya? Ina yake?"
Na ce, "Saurara."
Ta karkata kunne, ta daɗe.
"Ban ji komai ba."
Na ce, "To, shi ne."