Bayan Labule

Wasiƙa ce ta fara zuwa, da tambarin gidan talabijin.
Sannan wani saurayi mai farin takalmi
ya tsaya a ƙofata a Bradford, ana yayyafi,
ya ce, "Ke ce Hilda, yayar Norris Tetlow?"
Na ce, "A da."

Suka biya mini jirgin ƙasa har Landan,
suka kama mini ɗaki mai tawul huɗu,
ni da ban taɓa mallakar fiye da biyu ba.
Suka ce kada in leƙa waje, kada ya gan ni,
sai ka ce ni ce ke ɓuya
shekara goma sha tara.

Shi an ce masa wasan kacici-kacici zai zo,
ya zauna cikin alƙalai, ya saki barkwancin da ya saba.
Matar wani mai gasa burodi ta ci firji,
ta rungume shi tana kuka.
Firjin nake nufi.

Sai fitilu suka juyo kansa.
Mai gabatarwa ya dafa masa kafaɗa:
"Norris, daren yau naka ne."
Ta tsagar labule na ga wuyansa ya yi ja,
irin jan da yake yi yana yaro
in an kama hannunsa a gwangwanin sukari.

Aka shigo da malaminsa, dogare da sanda,
ya yabi wani yaro daban, ba wanda ya gyara masa.
Aka shigo da abokin soja.
Aka tsaya tallan sabulu,
wata yarinya ta ruga ta shafe masa gumi da hoda.

A hannuna kati, rubutunsu, ba nawa ba:
"Ka tuna keken ɗinkin Mama?"
So suke in faɗi rigunan wasan da ta ɗinka masa.
Ba su san ta sayar da keken ba
don ya sami kuɗin jirgi.
Ba su san ranar da muka binne ta
furanni ya aiko, manya, har suka ƙi shiga ƙofa,
da sa hannun sakatariya.

Tun daga Doncaster nake wasa maganar a baki kamar wuƙa.
Na ce yau gaban duniya zan zare ta.

Aka ɗaga mini yatsa. Na karanta katin.
Shiru.
Sannan can ƙasa-ƙasa ya ce, "Hilly?"
Sunan da na zaci an binne tare da Mama.

Na fito. Zafin fitila kamar bakin tanda.
A kusa na ga abin da akwati ba ya nunawa:
baƙin gashin rini ne,
haƙoran saye ne,
hannun da ya miƙo mini rawa yake.
To, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Na ce ta ɗinka masa kwat da tsohon labule.
Aka yi dariya. Gaskiya ce kuma.
Sauran na haɗiye,
ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Cikin tafi ya sa baki a kunnena:
"Nawa ta sayar?"
Na ce, "Fam huɗu."
Ya gyaɗa kai, ya juya ya yi wa kyamara murmushi.

Suka ba ni agogon bango.
Ya ce zai bugo waya. Ba ni da waya,
ban kuwa gaya masa ba.

A layinmu akwati ɗaya ne, gidan Illingworth,
mutum ashirin da shida suka cushe a falo.
Suka ce hulata ta karkace.
Suka ce, "Kin yi dacen ƙane."
Na ce haka ne.

Agogon na nan bisa murhu,
kullum yana gaba da minti uku.
Ban kai shi gyara ba.