Tafinta a Kotun Adum

Ni ne tafinta.
Aikina ɗauko magana daga bakin mai ita
zuwa kunnen alƙaliya,
kamar ƙwarya cike da ruwa,
ba a so ko ɗigo ya zuba a hanya.

Ranar Talata, fanka na ta kuka a sama,
Zuwaira ta Aboabo a akwatin shaida,
tela ce, shekara ashirin da shida,
bakin allura ya yi mata kanta a yatsa.

Lauyan Tanko ya gyara baƙar rigarsa:
Tambaye ta, ba da ƙafarta ta shiga ɗakin ba?
Na tambaya. Ta ce: Da ƙafata.
Kuɗin haya na kai masa, abin da ya samu,
sidi ɗari huɗu ƙulle a bakin zane,
saura na wata biyu a kaina.
Na miƙa maganar yadda ta zo.

Tambaye ta, ta yi ihu?

Ta dubi siminti.
Ta ce: Sakata ya sa.
Ya ce in na motsa, keken ɗinkina
a bakin kwata zai kwana,
da ni da 'yata muna gadinsa.
Sai na yi shiru.

Shiru.
A nan ƙwaryar ta yi mini nauyi.
Tun muna yara a Zango
ake ce mana shiru ma amsa ce,
ba wanda ya tsaya ya ce mana amsar me.
Kazar da aka danne wa fiffike
ita ma takan yi tsit.
Na ga lauya ya yi murmushin mai tsintuwa,
na ji tsoron kalmar da ke bakina,
kada in ɗauko tsoro in sauke yarda.

Alƙaliya ta cire tabarau,
ta ce in faɗa da harshen da benci ke ji:
Ba wanda ya taka ƙofa muke nema ba.
An yi? Da yardarta aka yi?
Yardar da aka murɗe da barazana
sunanta kawai ta ara.
Gaisuwar jiya a tsakar gida
ba izinin yau ba ce.
Ta juya ga mai gabatar da ƙara:
Kai kuma kaya a wuyanka suke,
kawo hujja har shakka ta rasa wurin zama,
kafin nan Tanko wanda ake tuhuma ne kawai.

Na faɗa duka, ban rage wa kowa ba.
Aka ɗage sai mako uku.

Da yamma mota ɗaya muka shiga,
tana gaba, ba ta waiwayo ba.
Bayan Kejetia yaron mota ya leƙo:
Uwata, nan za ki sauka?
Hannunsa a sama, bai buga ƙarfe ba,
sai da ta ce e.