Yatsu Biyu

Hamisu ɗan Tsahara ya zo garejina da hantsi,
da mota fara fat daga Kwatano, ledar kujerunta ba a ɓare ba.
Ya miƙo mini waya: "Baba Nomau, duba nan,
haka nake son tawa ta kwanta ƙasa."

Na duba. Titin wata ƙasa ne, sumul kamar faranti,
mota ta lafe a kai kamar ƙadangare na shan rana.
Na ce ta yi kyau, kuma ban yi ƙarya ba.
Ni ma na yi ƙuruciya, na san zaƙin gasa.

Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara,
na zura hannu tsakanin taya da ƙarfe,
tafi guda ya shige, har da sauran wuri.
Ya ce, "Rage yatsu huɗu."
Na ce, "Ja benci, a ɗora shayi,
maganar nan tana da nisa.

Sifirin iri-iri ne, yaro.
Akwai ɗan kamfani, gajere tun haihuwa,
jaka tamanin, ko dala ba a ragewa.
Akwai na Kadro, jan fenti ne a kan tsatsa.
Akwai kuma aikin Ɗan Jimo na bayan tasha:
ya hura wuta, ya datse zobe biyu, ya karɓi jaka biyar,
kafin wata uku mota na tsalle kamar jar akuya ta ga dusa.
Wannan ko me za ka ba ni, hannuna ba ya ciki.
Ƙarfen da wuta ta lasa
ya manta yadda ake komowa bisa.

Kuma gajeren sifirin ba ya zaman lafiya da tsohon amortisa.
Ka taɓa ganin an haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya?
In ka canza wannan, canza wancan,
a sake daidaita ƙafafu, in ba haka ba
taya ta cinye gefe guda, ɗayan ko taɓawa ba ta yi ba,
kuɗin da ka ɓoye a yau, gobe su za ka rasa."

Ya yi shiru. Na ce, "To ina kake zuwa da ita?"
Ya ce cikin gari kawai.
Na ce, "Ran Juma'a wa ke kai Tsahara Jiratawa sarin zogale?
Wa ke ɗauko buhun aya uku in kaka ta yi?
Ka manta ruwan Agusta a Bagalam,
da tudun nan na gaban asibiti
wanda ya ci salansa fiye da yadda na ci goro?
Hanya ba ta kallon waya, Hamisu,
hanya ba ta san wasa."

Ya ce uku. Na ce ɗaya.
Shayi na biyu ya huce muna ja.
A na uku muka tsaya a yatsu biyu,
shi bai ji daɗi ba, ni ban ji daɗi ba,
na san ciniki ya faɗa ke nan.

Ran da ya fita, ya karkace ya tsallake kwatar bakin ƙofa,
na cije haƙora ina sauraron ƙarar ƙarfe.
Ba ta zo ba.
Ganyen dalbejiya kaɗai ya ratsa ta ƙarƙashinta, da ƙyar.

Bayan sati Tsahara ta aiko yarinya da ƙuli-ƙuli da saƙo:
wai yanzu tana shiga ba sai an kama ta ba,
amma kowane dutsen hanyar Jiratawa
ƙugunta ya san sunansa.

Daren nan, bayan yara sun watse,
na zagaya wajen tsohuwar Fijona,
na waiga, ba kowa,
na durƙusa na sa yatsu.
Shida cif.
Na daɗe ban tashi ba.