Mai Wankin Asibiti, Faris, 1886

Ran Talata ake kai Honorine zauren darasi.
Likita ya ɗaga agogon aljihu
ya ce, yi barci.
Ta yi, a tsaye, kamar doki.
Ya ce, hannunki itace ne.
Hannu ya sandare.
Alƙaluma suka hau ƙara.

Ni ke wanke zanen gadonta.
Na san tsakar dare, ba agogo, ba umarni,
takan kira ƙanenta Firmin
da kogin Seine ya ci
tana riƙe da wuyan rigarsa.
Da wannan hannun.

Jiya wani ɗalibi mai tawada a yatsu
ya jawo kujera bakin gadonta.
Bai ce yi barci ba.
Ya ce, faɗa mini.

Na ajiye kwando.
Ruwan wankina ya huce.