Mai Gyaran Laima a Mirpur

Ni damina ce kasuwata.
Wata takwas ina zaune gindin matakalar gada
ina korar ƙuda da hula,
sai hadari ya taso daga wajen teku
duk Dakka ta tuna tana da laima mai karyayyen haƙarƙari.
Ranar ake sanin sunana: Tofazzal, Tofazzal,
duba min wannan, zan biyo bayan la'asar.

Amma ruwan yau bai zo ciniki ba.
Ya kece tun ana kiran assalatu,
kafin hantsi kwalbati ya ƙoshi, ya yi gyatsa,
ya amayo duk abin da muka ɗura masa shekara guda:
leda, robar lemo, ɓawon kwakwa,
takalmin yaro ƙafa ɗaya,
da wani baƙin abu da hanci ya riga ido ganewa.

Titi ya koma kogi, ba kifi, ba gaɓa.
Bas ta mutu a tsakiya kamar saniyar da ta ƙi tashi.
Masu keken haya sun ninka kuɗi sau uku,
ban ga laifinsu ba.
Wanda ya ja mutum biyu cikin ruwa har cinya
shi ya san abin da ya taka
kafin a miƙa masa taka hamsin.

Shefali ta wuce, silifas a hannu, kwanon abinci a ka,
tana lalube da yatsun ƙafa kamar mai neman allura.
Agogon kamfanin ɗinki bai san an yi ruwa ba.

Akwai wani rami gaban shagon magani,
taku bakwai daga turken lantarki.
Murfinsa ya bi ɓarayin ƙarfe tun azumin bara.
Mu 'yan layi mun san bakinsa,
baƙo fa?
Ruwa ya rufe shi lumui, ya yi fuskar salihai.
Sai na ɗauki wata jar laima, ba tawa ba,
wadda ko zare ban sa mata ba tukuna,
na ɗaure ta a kan gora,
na kutsa, na kafa ta a maƙogwaron ramin.

Da azahar Haripada ya iso.
Ba takalmi, ba safa, igiya kawai a ƙugu.
Ya tuɓe riga ya ba yaronsa,
ya ja numfashi, ya nutse cikin abin da mu ko kallo ba ma so.
Na ƙirga ashirin da uku.
Ya ɗago da dami a ƙirji, ya watsar gefen hanya,
a ciki na hangi baƙaƙen ƙyallaye
da wayoyi masu lanƙwasa.
Na gane ɗinkin.
Kullum da yamma nakan share gabana da tsintsiya,
ban taɓa tambayar inda sharar ke kwana ba.
An ce ruwa ba ya tsami banza.
Haripada bai dube ni ba, ya sake nutsewa.

Masu awo sun zo shekara uku da ta wuce,
da hular kwano da doguwar igiya.
Allon da suka kafa yana nan,
tsatsa ta cinye ranar gama aiki.

Dab da magariba mai laimar ya zo,
wani tsohon malamin lissafi, Mokbul, wando naɗe har gwiwa.
Na nuna masa da baki.
Ya daɗe yana kallo: jar aba tana rawa tsakiyar titi,
kekuna na kauce mata, wata uwa ta janye ɗanta.
Ya ce, bar ta nan.
Ya tafi, ruwa na bin saiƙonsa.

Cikin dare ya janye,
ya bar zane a bango, yatsu huɗu sama da na bara.
Sauro kuma sun fara ɗaura ganga.

Allah, ban ce ka hana ba, da shi nake ci.
Ka ba mu dai daidai wanda zai karya laima.